Milliken's Bend: Fagen Dagar da Kogi Ya Cinye

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro. Malam, makon jiya a tarihin Yaƙin Basasar Amurka ka bar mu a Vicksburg, Janar Grant na sojojin Arewa ya yi wa garin ƙawanya. Yau kuma ka ce mu tsallaka kogi.

Malam Sani: Ƙwarai. Mu haye Misisifi zuwa gaɓar Louisiana, kamar mil 15 sama da Vicksburg. Wurin ana ce masa Milliken's Bend. Ranar 7 ga Yuni 1863, da asubar fari, sojojin Kudu 'yan Texas ƙarƙashin Janar Henry McCulloch suka afka wa sansanin Arewa da ke can.

Auwalu: Ni fa Malam, ko sunan ban taɓa ji ba.

Malam Sani: Ba laifinka ba ne, Auwalu. Ba a yi wata guda ba aka gwabza babban yaƙi a Gettysburg, Vicksburg ta faɗi ranar 4 ga Yuli, sai labarin ya nutse. Amma ka san su wa ke tsaron sansanin? Yawancinsu baƙaƙen fata ne, bayi da suka baro gonakin auduga. Makonni kaɗan ke nan da sa musu kaki. Bindigogin da aka ba su tsofaffi ne, wasunsu ko ɗura harsashi ba su gama iyawa ba.

Hadiza: To ta yaya suka tsaya?

Malam Sani: Sun laɓe bayan ganuwar tare ambaliya, da dilolin auduga a kanta. Suka yi harbin farko, kafin su sake ɗurawa 'yan Texas sun hau kansu. Daga nan sai gaba da gaba: wuƙar bakin bindiga, gindin bindiga, har da hannu. Kwamandansu Kanar Hermann Lieb shi ma ya samu rauni. Aka kora su har bakin ruwa, babu sauran wurin ja da baya. A nan jirgin yaƙin Choctaw ya buɗe wuta daga kogi, Lexington ya biyo baya, McCulloch ya janye.

Auwalu: Ashe jiragen ne suka ceci lamarin.

Malam Sani: Jiragen sun taimaka, ban musa ba. Amma da ba su riƙe wurin ba, wa jirgin zai tarar? Kuma ka tuna, farin soja in aka kama shi fursunan yaƙi ne. Su kuwa an mayar da wasunsu bauta. Sun san haka kafin su tsaya. Wannan ne ke taɓa mini zuciya.

Hadiza: Manya sun lura kuwa?

Malam Sani: Charles Dana, wakilin Sakataren Yaƙi Stanton a wajen Grant, ya rubuta cewa jarumtarsu ta sauya ra'ayin hafsoshi game da ɗaukar baƙaƙe aikin soja.

Auwalu: In mutum ya je yau, me zai gani?

Malam Sani: Ruwa. Misisifi ya sauya hanya, ya cinye filin. Sai dai a nuna maka da yatsa daga nesa.