Lacca: Yadda ƙamshin mace ke bambanta jinsunan faɗa-wuta

Assalamu alaikum, jama'a. Malamai da ɗalibai, sannunku da zuwa.

Akwai faɗa-wuta, wato malam-buɗe-littafin dare, da za ka jera jinsi biyu a gabanka ka rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Launi ɗaya, girma ɗaya, zanen fiffike ɗaya. Amma su ba sa ruɗewa, domin ba da ido suke gane juna ba. Macen ce ke sakin wani sinadari daga ƙarshen cikinta, ana ce masa feromon, iska ta kwashe shi, namijin ya shaƙa da ƙahonninsa ya biyo sawu cikin duhu.

Adolf Butenandt, masanin kimiyya na Jamus, ne ya fara gano irin wannan sinadari a 1959, a jikin faɗa-wutar tsutsar siliki. Sai da aka tara mata wajen 500,000 kafin a sami ɗan abin da za a auna.

To, ga inda nake so ku kasa kunne. Sau da yawa dangi na kusa sinadaransu iri ɗaya ne, gwargwadon haɗin ne ya bambanta, kamar mata biyu da suka yi miya da kayan haɗi ɗaya amma kowace da hannunta. Ku ɗauki faɗa-wutar tsutsar da ke huda karan masara a Turai, Ostrinia nubilalis. Kashi biyu ce. Macen kashi na farko tana haɗa sinadarai biyu, 97 cikin ɗari na ɗaya da 3 cikin ɗari na ɗayan. Ta biyun tana juya lissafin, kusan 1 da 99. Wannan kaɗai ya isa namijin wancan ɓangare ya wuce ta bai waiwaya ba, ko da a gona ɗaya suke. Ni dai har yau abin yana ba ni mamaki. Haka Helicoverpa armigera, faɗa-wutar tsutsar auduga, da 'yar'uwarta assulta, sinadarai biyu ne suke tarayya a kai, amma wanda ya rinjaya a wajen wannan shi ne ƙarami a wajen waccan.

Amfanin a bayyane yake. A harhaɗa ƙamshin a ɗakin gwaji, a sa a tarko, mazan jinsin da ake nema su taho da kansu, manomi ya san wane ƙwaro ne ya shigo da lokacin da ya kamata ya yi feshi.

Sai dai ina roƙonku, kada ku ba tarko amana ɗari bisa ɗari. Da armigera ta bayyana a Burazil a 2013, ta tarar da wata 'yar'uwarta, Helicoverpa zea, wadda ƙamshinsu ya yi kusa ƙwarai, har tarko ɗaya yana kama mazan duka biyun, kuma suna iya barbara da juna. A irin wannan hali dole a feɗe namijin a duba al'aurarsa a madubin ƙara girma, ko a gwada ƙwayoyin halittarsa, kafin a rubuta suna a rahoto.