Darasi: kafin ka sa wa motar rimot inji marar burushi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau tebur ya cika, ku yi haƙuri da tarkacen. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: "Malam, wane inji zan saya motata ta yi gudu?" To, yau zan amsa, amma sai na fara da motar, domin a nan ake faɗuwa.

Ƙanena, matso da kyamara nan. Kun ga wannan babbar giyar? Ku dubi gefen nan, haƙora wajen goma sun share sumul. Ni na yi mata haka da hannuna. Wata ƙaramar mota ce mai araha, na cire injinta na asali na ɗaura mata marar burushi, na sa batir mai sel uku, na danna totur gaba ɗaya a kan kwalta. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga inji yana ta kuka, mota tana tsaye cik. Injin lafiyarsa ƙalau, motar ce ba ta da ƙashin ɗaukarsa.

Bambancin injinan a taƙaice: na gargajiya yana da ɗan kabon guda biyu, su ake kira burushi, da ke gogar abin da ke juyawa a ciki, irin na injin huda bango, kuma kabon yana cinyewa. Marar burushi kuwa maganaɗisu ne ke juyawa, naɗin wayar yana zaune, sai wannan ɗan akwatin da ake kira ESC ya riƙa rarraba wuta cikin wayoyi uku. Shi ya sa ba za ka haɗa shi da tsohon ESC mai waya biyu ba. Tare ake sayen su.

Yanzu mota. Idan aljihu zai ɗauka, ka sayi wadda ta zo da shi tun daga kamfani, kamar Traxxas Slash samfurin VXL mai injin Velineon 3500, ko Arrma Senton da Granite na 3S, wato masu ɗaukar batir mai sel uku. An riga an daidaita giyarsu da ƙarfin injin. Idan kuma taka za ka canza wa, juya ta ka duba abu uku. Na farko, tayoyi da giyoyi a kan boris suke juyawa ko a kan bushin roba? Tamiya TT-02 mota ce mai daɗin haɗawa, amma da bushi take zuwa, don haka boris ne sayenka na farko, kafin inji. Na biyu, sandar da ke kai ƙarfi daga baya zuwa gaba, in roba ce, nemi ta alminiyam. Na uku, kan batir. Wannan farin kan na zamanin da, yana narkewa in wuta ta yi yawa. Cire shi ka sa XT60, mai gyaran rediyo zai yi maka sodarsa cikin minti biyar.

Sai lambobin da ke jikin inji. Wannan an rubuta 3650: kaurinsa milimita 36, tsawonsa 50, shi ne ya dace da yawancin motoci masu girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske. Sannan ka auna sandar bakinsa, wata milimita 3.175 ce, wata 5. In ka yi oda ba ka duba ba, ƙaramar giyarka ba za ta shiga ba, kuma ka san yadda jiran kaya daga Sin yake.

To ga inda nake so mu zauna: KV. Mutane suna ɗauka ƙarfi ne. A'a. KV yana nufin sau nawa inji zai juya a minti guda kan kowane bolt ɗaya, in babu kaya a kansa. Mu yi lissafi tare. Batir LiPo, wato batirin litiyam da ake sa wa waɗannan motoci, mai sel biyu bolt 7.4 ne. Inji mai 3500 sau 7.4, ya ba ka juyi 25,900 a minti. Mai sel uku bolt 11.1 ne, ya kai 38,850. Inji ɗaya ne fa, batir kawai ka canza. Shi ya sa nake cewa wanda zai yi wasa da sel uku a mota 1/10, ya tsaya tsakanin 3000 da 3500. Masu 4000 zuwa sama a bar su ga sel biyu da mota marar nauyi. Ni a ra'ayina, ɗan koyo ya yi wata guda a kan sel biyu tukuna. Gudun zai ishe ka, wallahi, har ka daki katanga.

Akwai inji mai sensa, wato ɗan abin da ke gaya wa ESC inda maganaɗisu yake, da kuma marar sensa. Marar sensa ya fi araha, ya fi jure ƙura, sai dai yana ɗan tsarƙewa in za ka tashi a hankali. Mai sensa na 'yan tsere ne. Ga filin ƙwallon unguwa, marar sensa ya wadatar. In ka haɗa ka ga mota tana baya maimakon gaba, musanya kowace waya biyu cikin ukun. Amma kada ka yi wa mai sensa haka, shi wayoyinsa bisa harafin da ke jikinsu ake haɗawa: A da A, B da B, C da C.

Bari mu saita giya. Ƙaramar tana bakin inji, babbar tana jikin mota, kuma dole girman haƙorinsu ya zo ɗaya. Mai 48P ba ta zama da mai 32P, ko da a ido sun yi kama. Ga dabarar: yanki takardar littafi siririya, ka sa tsakaninsu, ka tura inji ya matse ta, ka ɗaure kusoshi, sannan ka juya giya takardar ta fito. Ji nan. Kun ji ɗan "ƙas-ƙas" ɗin? Ɗan wasan da ake so ke nan. In babu shi inji zai yi zafi, in ya yi yawa haƙora za su share, kamar waccan da na nuna muku.

Haƙora nawa za ka sa? Zafi ne zai gaya maka. Yi gudu na minti biyar, tsaya, auna jikin inji. Kada ya wuce digiri 70. In ba ka da ma'auni, ɗora yatsa: in ba ka iya ƙirga uku ba ka janye, ya yi zafi, rage haƙori biyu a ƙaramar giya ka sake gwadawa. Kuma ku kula da wannan: bidiyon da kuke gani na Turai da Amurka, yawanci a yanayi mai sanyi ake ɗauka. Mu nan a watan Afrilu rana tana haura digiri 40, yashi kuma yana riƙe taya. Giyar da ta yi wa Bature daidai, kai za ta dafa maka inji. Fara da ƙasa da tasa, ka sa fanka a kan inji. Lokacin hunturu kuma, bayan kowane wasa ka kaɗe ƙura daga fankar da boris.

ESC sai an gabatar da shi ga rimot: ya san tsakiya, ya san ƙarshen totur, ya san ƙarshen birki. A Hobbywing QuicRun, kana riƙe maɓallin SET ka kunna, sannan ka nuna masa ukun ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka rage ƙarfin fizgar tashi zuwa ƙasa-ƙasa, shi ne ke ceton giya. Ka tabbata kuma mai yanke wuta in batir ya yi ƙasa yana kunne, wajen bolt 3.2 zuwa 3.4 kowane sel.

Batirin kansa, kada ya wuce 4.2 kowane sel wajen caji, in za ka ajiye shi ka bar shi a 3.8. Kada ka sa caji ka fita masallaci, kada ka bar shi cikin mota a rana. Wanda ya kumbura ya gama aiki.

Saura taya. Ja gefenta haka, in ta ɗago daga ƙarfen ko robar da take kai, bi ta da gam tun yanzu, domin da gudu za ta kumbura ta fice.

To, na sa mai haƙori 17, batir ya cika. Ƙanena, ɗauko ma'aunin zafin can, mu tafi fili kafin la'asar.