Wa Ke Riƙe da Makullin Lalitarka? Lacca Kan Kuɗin Kirifto a Sakkwato

Wani malamin kwamfuta ne ya gabatar da wannan lacca ga ɗalibai da 'yan kasuwa a wani ɗakin taro cikin garin Sakkwato, bayan La'asar. Na kwafe ta daga abin da aka naɗa, na rage gaishe-gaishe da maimaici.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Iyayena da ke sahun gaba, malamai, 'yan kasuwa, ƙannena ɗalibai, assalamu alaikum.

Kafin mu yi nisa, duk wanda ya san a 2024 ya danna ɓeran nan na Hamster, wasan waya da aka ce za a biya masu dannawa da kuɗin kirifto, har yatsa ta yi tsami, ya ɗaga hannu. Kar ku ji kunya, ni ma na danna. A ajina akwai yaron da na gani hannu ƙarƙashin benci, baki na motsi, na ce ma sha Allah, tasbihi yake ja. Ashe lissafin maki yake yi. To, ga shi kusan rabin ɗakin ya ɗaga. Ku sauke, za mu dawo kanku.

Dattijai sukan ce mini, wannan kirifto, kuɗin intanet, wane irin kuɗi ne wanda ba a taɓa shi da hannu? Nakan tuna musu cewa ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a garin nan asalinsa daga tsibiran Maldives yake, can tekun Indiya. Ba a ci, ba a sha, amma da shi ake sayen doki. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne dalar azurfa guda. Aka wayi gari wuri ya koma abin ado a goshin 'yan mata, aka shiga fam da sule, a 1973 aka shiga naira. Farkon 2023 kuwa, da aka canja takardun kuɗi, kowa ya ga mutum da miliyan a waya yana roƙon mai POS dubu biyu. Saboda haka maganar taɓawa da hannu ta wuce. Tambayar da nake so ku riƙe har mu tashi ita ce: idan abu ya lalace, wa za ka riƙe?

Ku je Kara ranar kasuwa. Ka sayi sa, bayan kwana uku aka ce na sata ne, ba ka neman wanda ya kawo shi daga daji, dillali kake riƙewa, shi ya san inda zai samo mutuminsa. Falke ya sauka Illela da kaya, yana da maigida, shi ke tsaya masa, shi ke karɓar masa bashi. Kasuwancinmu tun fil azal a kan mutumin da ke tsakiya ya ginu. To Bitcoin, kuɗin kirifto na farko, an ƙirƙire shi ne musamman don a cire wannan mutumin. Wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto, wanda har yau ba a san ko wane ne ba, ya fitar da bayaninsa a watan Oktoba 2008, ana tsakiyar rugujewar bankunan Amurka, ya kunna shi ranar 3 ga Janairu 2009.

Yadda yake aiki, ku ɗauki littafin bashi na mai shago. Wane ya ba wane kaza. Bambancin shi ne wannan littafin kwafinsa na hannun dubban kwamfutoci a duniya, kowa na iya dubawa, kuma abin da aka rubuta ba ya goguwa. Kusan kowane minti goma ana ƙara shafi ɗaya. Wa zai rubuta shafin? Nan ne haƙa ta shigo, abin da kuke kira mainin. Injuna ne ke gasar cankar wata lamba, wanda ya riga samu shi ke rubuta shafin, a ba shi lada. Da farko ladan Bitcoin 50 ne. Duk bayan shekara huɗu ana raba shi biyu, tun Afrilun 2024 ya koma 3.125. Gaba ɗaya kuma ba za su wuce miliyan 21 ba.

Yanzu bari mu yi lissafin 'yan kasuwa. Injin haƙa guda, irin Antminer S19, yana shan wuta kusan wat 3,250, dare da rana. A kwana ɗaya yunit 78 ke nan. Da farashin da aka sa wa masu shan wutar lantarki 'yan rukunin A a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, kuɗin wuta kawai ya haura naira 17,000 kullum. Wannan idan wutar ta tsaya. Ka ƙara da zafin Sakkwato a bazara, ma'auni ya wuce 40, injin kuma kansa murhu ne, sai ka sayi abin da zai sanyaya shi. Shi ya sa manyan masu haƙa suke inda wuta ke da arha, irin su Texas a Amurka, ko Habasha kusa da madatsun ruwanta. To ƙanena, wayarka da kake kai wa mai caji a bakin titi, da me za ta shiga wannan gasa?

Abin da muke yi a waya talla ne. Kamfani na son ya tara jama'a, sai ya ce ku danna, ku kalli bidiyo, ku gayyato 'yan'uwa, in mun shiga kasuwa za mu raba muku wani abu. Wani lokaci a raba ɗin. Notcoin da ta fashe, wato ta shiga kasuwa, a watan Mayu 2024 wasu sun samu na gaske, na san wanda ya sayi babur. Wannan ne ya kunna wutar. Hamster ta fashe ƙarshen Satumba, mutum ya yi wata huɗu yana danna, abin da ya fito bai biya datarsa ba. 'Yan baiwa na Pi, wani kirifton da ake dannawa a waya, ina gaishe ku da haƙuri, tun 2019 kuke jira. Sai Fabrairun 2025 ta shiga kasuwa, ta taɓa kusan dala uku, ta gangaro ƙasa da dala ɗaya, alhali an yi shekaru ana gaya muku guda ɗaya dala 314,159 ce. Ban hana kowa dannawa ba. Amma ka rubuta kuɗin data, kuɗin caji da awannin da ka zuba, kamar yadda mai albasa ke rubuta kuɗin buhu da na mota. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi lambar NIN ɗinka da hoton fuskarka ya buɗe asusu, ya ba ka dubu biyar, ka gudu. Duk ɓarnar da aka yi da asusun, sunanka ne a kai.

Inda kirifto ke aiki da gaske a ƙasar nan ba a cika jin hayaniyarsa ba. Kamfanin Chainalysis, mai bin diddigin wannan harka, ya sa Najeriya ta biyu a duniya wajen amfani da shi a 2023 da 2024, bayan Indiya. Dalilin a fili yake. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mutum ya ga jarinsa na narkewa kamar ƙanƙara a rana, sai ya nemi mafaka. Mafakar da akasari suka samu ita ce USDT, wadda aka ɗaure farashinta da dala. Mai sayo kayan waya daga Guangzhou yana biyan dilansa da ita cikin mintuna. Yaron da ke zane ko rubuta manhaja wa wani a Turai da ita ake biyansa. Amma kada in yi muku ƙarya, ban taɓa ganin mai tumatir a Tsohuwar Kasuwa ya karɓi Bitcoin ba, kuma tsakanin Illela da Kwanni har gobe sefa da naira ne a hannun 'yan canji. Ku kuma sani ita USDT tana da maigida, kamfanin Tether, yana ma iya daskarar da kuɗin mutum. Sai dai maigidan nan El Salvador yake zaune, ba wanda zai hau mota ya je ya yi masa sallama.

Sayenta da sayar da ita yawanci ta P2P ake yi, wato mutum da mutum. Dandalin cinikin kirifto ya riƙe USDT ɗin amana, mai saye ya tura maka naira ta banki, kai kuma ka saki. Kada ka saki don ka ga alat, shiga asusunka ka ga kuɗin da idonka. Kuma sunan wanda ya turo ya zama shi ne sunan wanda kuke ciniki da shi. Wannan na biyun da jikina na koye shi. Na sayar da dala ɗari biyu, kuɗi suka shigo da wani suna daban, na ce ai kuɗi kuɗi ne. Bayan kwana huɗu na je sayen shinkafa kati ya ƙi. Ashe kuɗin damfara ne aka wanke ta kaina, mai su ya kai ƙara, aka rufe asusun da albashina ke shiga. Sati uku ina zarya da takardu, uwargida na tambaya ko dai wani abu nake ɓoye mata.

Ta fuskar doka, a taƙaice: ranar 5 ga Fabrairu 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da kirifto, a Oktoban shekarar aka fito da eNaira, nairar intanet ta Babban Bankin, wadda ba ta karɓu ba, a Disambar 2023 aka ɗage hanin. A 2024 gwamnati ta yi rigima da dandalin Binance har ya daina cinikin naira, hukumar hannun jari ta SEC kuma ta ba dandalan Busha da Quidax amincewar farko. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa harkar ƙarƙashin SEC. Duk da haka a Afrilun 2025 wata manhajar zuba jari mai suna CBEX ta tafi da kuɗin mutane, da alkawarin ninka su cikin kwana 30, irin waƙar da MMM ta yi mana a 2016. Wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata guda, ka tambaye shi me ya hana shi ninka nasa ya yi shiru.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Lalitar kirifto, walet, iri biyu ce. Akwai wadda ke hannun dandali, kamar ka ba mai shago ajiya. Ka manta lambar sirri, za su taimake ka, amma in shagon ya rushe ajiyarka ta bi shi, kamar yadda dandalin FTX ya rushe a Nuwambar 2022. Akwai kuma wadda ke hannunka kai kaɗai, irin Trust Wallet ko MetaMask. Ranar da ka buɗe za a nuna maka kalmomi 12 na Turanci. Waɗannan kalmomi su ne dukiyar. Waya ta faɗa rijiya, ka sa su a wata wayar, kuɗinka sun dawo. Wani ya gan su, ya kwashe daga ko'ina a duniya, babu ofishin da za ka kai kuka. Suka ɓata, shi ke nan. Akwai wani mutumin Birtaniya, James Howells, da na'urar da ke ɗauke da makullin Bitcoin 8,000 ta tafi juji a 2013, ya yi shekaru yana neman izinin tone jujin, kotu ta hana.

Bara aka kawo mini wata waya a gida. Wani matashi ne ya rasu a hatsarin mota, ya bar mata da yara biyu, da mahaifiya. Wansa ya zo da wayar a nannaɗe cikin hankici, gilashin ya tsage. Matar ta ce marigayin ya sha gaya mata akwai dala a ciki, na gini ne. Muka samu wata takardar ciniki da adireshin lalitar, na duba a littafin nan da kowa ke iya dubawa, ga kuɗin nan kwance, ana ganinsu kamar kifi a ruwa mai haske. Wayar ta ƙi tashi. Muka zazzage akwatinsa, littattafan makaranta, aljihun riguna, har cikin jakar Alƙur'ani, babu kalmomin. Wan ya dube ni ya ce, Malam, ba wanda za a rubuta wa takarda? Na ce babu. Malamin da zai raba gado ya fitar da tumunin matar da sudusin uwa a kan takarda, amma ba abin da za a miƙa wa kowa. Har yau in na duba suna nan.

Don haka ka rubuta kalmominka da biro a takarda, kofi biyu, wuri biyu. Kada ka ɗauki hotonsu, kada ka tura wa kanka a WhatsApp. Ka sa ɗaya a ambulan ka liƙe, ka ajiye inda kake ajiye takardar fili, ka gaya wa mutum ɗaya amintacce inda take da abin da ake yi da ita. Allah Ya umurce mu da rubuta bashi a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, balle haƙƙin marayu. In za ka tura kuɗi kuma, fara tura kaɗan ka ga ya isa, ka tabbata layin da ka zaɓa, wato hanyar da kuɗin za su bi, TRC20 ne ko wani, shi ne na mai karɓa.

Da aka buɗe fagen tambayoyi, wani dattijo ya miƙe ya ce: "Malam, wanga abu duk mun jiya. Ni abin da nika so in sani, halas na ko haramun?"

Baba, Allah Ya ƙara girma, a garin Shehu ni ban isa in ba da fatawa ba, ga malamai nan zaune. Abin da na sani, malaman duniya sun saɓa. Muftin Masar ya haramta Bitcoin wajen farkon 2018 saboda garari da ke cikinsa. Majalisar shari'a ta hukumar hannun jarin Malesiya kuma ta halatta cinikinsa a 2020. Amma akwai abin da yaranmu ke yi da suke kira fiucas, mutum ya sa dala goma, dandali ya ninka masa ita sau hamsin, ya yi canke ko farashi zai hau ko zai sauka. Bai sayi komai ba, bai mallaki komai ba. Wannan ni dai ban ga abin da ya raba shi da karta ba. Malaman da suka halatta riƙe kirifto kuma sun ce akwai zakka, in ya kai nisabi ya shekara, ɗaya cikin arba'in.

Wata ɗaliba daga baya ta ce ita ta riga ta ɗauki hoton kalmominta, yana cikin waya tun bara, yanzu ta goge ya wadatar?

Bai wadatar ba, ƙanwata, don ba ki san wace manhaja ta riga ta leƙa hotunanki ba. Ki buɗe sabuwar lalita a daren nan, ki rubuta sababbin kalmomin a takarda, ki kwashe komai ki mayar can, tsohuwar ki bar ta fanko. In USDT ce a layin TRC20, ki tanadi ɗan TRX, kirifton wannan layin, na kuɗin turawa, in ba haka ba ba za ta motsa ba. Ga ladan can ya fara, sauran tambayoyin ku same ni a bakin ƙofa bayan Magariba.