Nauyin Jikin Mace da Nasarar Dashen Ƙwai

Assalamu alaikum, iyayena da ƙannena. Abubuwa uku na zo da su game da nauyin jiki da dashen ƙwai, wato IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a wajen jiki sannan a dasa a mahaifa, aikin da aka fara cin nasararsa a Ingila a 1978.

Na farko, ma'auni. Likita yana raba nauyin mace da tsayinta sau tsayinta. Wadda tsayinta ya kai mita 1.6, nauyinta kilo 80, lissafinta ya ɗan haura 31, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 30 an shiga ƙiba.

To, na biyu, me ya haɗa kitse da ƙwai? A nan nake so ku ba ni hankalinku, har da na can baya. Kitse ba ya zama shiru a jiki, shi ma yana fitar da sinadarin istirojin mai tafiyar da al'adar mace, yana kuma sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, sai al'ada ta rikice, ƙwai ya ƙi nuna a kan lokaci. Idan aka zo dashe, allurar nunar da ƙwai da za ta wadatar da wata ba ta isar mai ƙiba, sai an ƙara, ga tsada. Ranar ɗebo ƙwan ma hoton na'ura ba ya fita sosai. Ko cikin ya shiga, haɗarin ɓari, ciwon suga da hawan jini ya fi yawa. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana ɗirka wa amarya sha-ka-fashe don ta cika ido ranar biki. Ina maimaitawa, kitse ba ya zama shiru.

Na uku, rama kuwa, ƙasa da 18.5 a ma'aunin nan, tana iya ɗauke al'ada gaba ɗaya.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko mai shekara 38 ta jira sai ta rame tukuna. A'a, Hajiya, kada ta jira. Wani bincike da aka yi a Holan, aka buga a 2016, ya nuna cewa jinkirin wata shida don rage nauyi bai ƙara yawan haihuwa ba, ko da yake waɗanda suka samu ciki ba tare da magani ba sun ƙaru. Yarinya mai shekara 25 tana da lokacin rage kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyinta, wanda sau da yawa yakan dawo da fitar ƙwai. Amma bayan 35 ingancin ƙwai yana raguwa, don haka mai shekara 38 ta ga likita a wannan watan, ta fara tafiyar safe da rage lemon kwalba, a haɗa biyun tare.