Taku Nawa Ka Yi Yau?

Nura: Assalamu alaikum, masu sauraro barkanmu da warhaka daga nan birnin Dabo. Ina tare da Anti Hadiza, ma'aikaciyar jinya, sai Kawu Garba da ya baro shagonsa a Kantin Kwari ya taho. Kawu, ya kasuwa?

Kawu Garba: Kasuwa alhamdulillahi, Nura. Hajiya, barka da yamma, ya aiki?

Anti Hadiza: Lafiya lau, Alhaji. Ya jikin?

Kawu Garba: Da sauƙi sosai.

Nura: To Kawu, ba mu labarin abin da ka nuna min a wayarka.

Kawu Garba: Wata huɗu ke nan likita ya ce jinina ya hau, suga ma ya fara leƙowa. Ya ce ina motsa jiki? Na ce ai ni daga safe har magariba ina kasuwa. Da na koma gida, ɗana ya buɗe min manhajar Samsung Health mai ƙirga taku a wayata, ya ce in bar ta a aljihu wuni guda. Da dare muka duba: taku 2,300. Na ce wayar nan ba daidai take ba. Washegari ma kusan haka. Sai na zauna na bi ranar tawa daki-daki. Mota ta ɗauke ni daga ƙofar gida a Hotoro. A shago ina kan kujera, yara ne ke sauko da atamfa da shadda. Abinci kawo min ake yi. Masallaci yana bayan layinmu. Ashe gajiyar da nake kwasowa ta ciniki ce da lissafi, ƙafata ba ta je ko'ina ba.

Anti Hadiza: Wannan shi ne babban amfanin na'urar, Alhaji. Kusan duk wanda na tambaya a asibiti cewa yake yana zirga-zirga, kuma har zuciyarsa haka ya yarda. Sai lamba ta fito. Masana suna lissafa baligin da ba ya kai taku 5,000 a rana cikin masu zaman wuri ɗaya, kuma ma'aikatan ofis, direbobin adaidaita sahu, teloli da masu shago da yawa a nan suke faɗawa.

Nura: Anti, ta yaya waya ke sanin mutum ya taka?

Anti Hadiza: Akwai wani ɗan ma'auni a cikinta da ke jin girgizar jiki. Duk taku yana da irin tasa jijjigar, ita yake ƙirgawa. Shi ya sa wani lokaci idan adaidaita ta bi da kai hanya mai gargada, sai ka ga an ƙara maka takun da ba ka yi ba.

Nura: Ni tambayata ita ce, ganin lamba kaɗai yana sa mutum ya tashi?

Anti Hadiza: An bincika. A 2007 masu bincike daga Jami'ar Stanford a Amurka suka haɗa nazari 26 da aka yi kan masu ɗaura na'urar ƙirga taku. Suka ga mutane sun ƙara sama da taku 2,000 a rana, hawan jininsu ya ɗan sauka, nauyi ma ya ɗan ragu. Amma abin da ya fi tsaya min a rai, waɗanda suka sa wa kansu adadin da za su cimma su ne suka fi ƙarawa. Wanda ya ɗaura kawai yana kallo, bai cika canzawa ba.

Kawu Garba: Gaskiya ne. Ni a bayan littafin bashi nake rubuta nawa kowane dare.

Nura: To ina batun taku 10,000 a rana? Kowa ita yake ambata.

Anti Hadiza: Asalinta talla ce. A 1965, bayan gasar Olamfik ta Tokyo, wani kamfani a Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'ura ya kira ta Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma. Lambar ta yi daɗin faɗa, ta bazu duniya. Ba laifi ba ne mutum ya kai ta, amma tana karya gwiwar wanda yake kan 2,000. A 2019 wani bincike na Harvard ya bi tsofaffin mata fiye da 16,000. Rai dai na Allah ne, amma an ga mace-mace sun fi ƙaranci cikin masu yin kusan 4,400 a rana idan aka kwatanta da masu yin 2,700, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500.

Kawu Garba: Da an ce min 10,000 tun farko, wallahi da na haƙura. Ni 500 na dinga ƙarawa duk mako. Yanzu ina sauka a Ƙofar Mata in taka zuwa shago, bayan asuba kuma in zaga unguwa da maƙwabcina. Jiya 6,100 na yi.

Anti Hadiza: Ma sha Allah. Ka ɗan sa sauri kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Wajen taku 100 a minti ɗaya ke nan, kana iya magana amma kana jin jikinka.

Nura: Anti, iyayenmu mata fa? Hajiyarmu ba ta cika fita ba.

Anti Hadiza: Nan ne abin ya fi damuna. Mace tana shara, tana wanki, tana kai-komo tsakanin ɗaki da kicin, wayarta na kan madubi tana caji, da dare ta ga 400 ta ce ba ta yi komai ba. Gara ta sami ɗan agogon hannu mai ƙirga taku, ko ta ɗinka wa zaninta aljihu. Akwai kuma wadda da gaske zaman take yi, ga 'yan aiki, ga talabijin, ga ciwon gwiwa. Ita tsakar gida ma ya ishe ta farawa: minti goma bayan kowane cin abinci, yana taimakawa wajen saukar da suga. Islamiyya ko gidan suna idan kusa ne, a taka da maƙwabciya. Kai kuma Nura, ka riƙa raka ta.

Nura: In sha Allah, Anti. Akwai wanda za a ce ya dakata?

Anti Hadiza: Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi na sarƙewa, ya tsaya ya ga likita. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa kullum, don ƙaramin rauni kan zama babba bai ji ba. Zafin Afrilu na Kano kuma ba a wasa da shi, a fita bayan asuba ko gab da magariba, a sha ruwa. Lokacin hunturu mai asma ya rufe hanci saboda ƙura. Kuma don Allah kada wanda ya ajiye maganinsa don ya ga lamba ta hau.

Kawu Garba: Nawa yana nan a aljihu, tare da wayar.

Nura: Masu sauraro, ku bar waya a jikinku kwana bakwai ba tare da kun canza komai ba, ku rubuta lambar kowace rana, mako mai zuwa mu ɗora daga nan. Kawu, Anti, mun gode. Allah ya ƙara lafiya.

Anti Hadiza: Amin. Sai mun sake haɗuwa.