Amsoshin Tambayoyinku: Kilishi, maƙwabcin ƙasan bene da takardar da aka liƙa a ƙofa

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan zaman Jamus suke, lokaci kuma ba ya jiranmu. Tare da ni akwai malamar da aikinta shi ne ba wa baƙi shawara kan haya da takardun hukuma. Malama, sannu da zuwa.

Malama: Yauwa, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Damagaram da zai taso watan gobe yana tambaya ko zai iya riƙo kilishi. Ɗan'uwa, cinye abinka kafin ka hau jirgi. Nama da madara da duk abin da aka yi da su, har man shanu, ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi daga ƙasashenmu. Kwastan za su karɓe, wani lokaci har da tara. Busasshen kifi kuwa an yarda da shi har kilo 20.

Wata Hajiya daga Kaduna ta ce wai da gaske ne ba a buɗe kantuna ran Lahadi? Da gaske ne Hajiya. Sai gidajen mai, wasu gidajen burodi da shagunan manyan tashoshin jirgin ƙasa. A gama cefane tun Asabar.

To, ga wadda za mu daɗe a kanta, don wasiƙu da dama sun zo da irinta. Wani magidanci a Hambug ya ce maƙwabcinsa na ƙasan bene ya liƙa masa takarda a ƙofa har sau 2, yanzu kuma mai gida ya aiko da wasiƙa. Laifin dai baƙi ne da ke zuwa hira da dare, yara na guje-guje, uwargida na kunna injin wanki bayan ta kwantar da su. Yana tambaya: wannan ba ƙin baƙar fata ba ne? Kuma ya zai yi?

Malam, wariya akwai ta a Jamus, ba wanda zai ce maka babu. Amma wannan takardar, a ganina, da Bajamushe ne a gidanka shi ma da ya same ta. Akwai abin da suke kira Ruhezeit, wato lokacin shiru: daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, sai kuma Lahadi da ranakun hutu baki ɗaya. A sake ji: 10 na dare zuwa 6 na safe, da yinin Lahadi. Wasu gidajen suna ƙara 1 zuwa 3 na rana. Ma'aunin shi ne kada sautin ɗakinka ya dami na maƙota. Mu kuwa hirarmu ba ta daɗi sai bayan Isha'i, ga shi a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Hambug sai wajen 10 saura. Ka ga kafin a zuba shayi an riga an shiga lokacin shiru. Malama, me zai yi da wasiƙar?

Malama: Da farko ya duba ko an rubuta Abmahnung a samanta. Idan haka ne gargaɗi ne na shari'a, kuma in abin ya ci gaba mai gida zai iya dogara da shi ya soke haya. Ya sani kuma galibi maƙwabcin yana da littafin da yake rubuta rana da sa'a da irin ƙarar da ya ji, da shi za a kafa hujja. Saboda haka kada ya yi shiru, kada kuma ya sauka ya buga ƙofa cikin fushi. Ya ɗauko dokar gidan, Hausordnung, tana haɗe da takardar haya ko an kafe ta a bakin matakala. Ya ba mai gida amsa a rubuce, ya ajiye kwafi. Wanki ya koma da rana, a shimfiɗa darduma mai kauri inda yara ke wasa, don bene na katako yana kai sawun ƙafa ƙasa kamar ganga. Kukan jariri da wasan yara na yau da kullum kotuna ba sa ɗaukarsu laifi. Amma muryoyin manya da kiɗa da jan kujeru bayan 10, nan ba shi da kariya.

Kuma tunda ana maganar wasiƙa, mutanenmu suna da sakaci da akwatin wasiƙu. Ka sa sunanka a jiki, don da suna ɗan aike ke aiki, in bai gani ba ya mayar. Sannan ka yi rajistar adireshi, Anmeldung, cikin kwana 14 da tarewa, da takardar shaida daga mai gida. Bayan nan wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin za ta zo, Yuro 18.36 a wata ga kowane gida, ko kana da talabijin ko ba ka da shi. Mutum ya jefa ta a aljihun tebur, bashi ya yi ta taruwa. In kuwa ambulan rawaya ce, wato saƙon kotu ko hukuma, ranar da aka rubuta a jikinta daga ita wa'adi ya fara ƙirguwa, kada a yar da ambulan ɗin ma...

Mai gabatarwa: Malama kin tafi gidan waya, mu dawo kan maƙwabci.

Malama: To, maƙwabci. Ya same shi da rana, ya gaishe shi da Sie, kalmar girmamawa ta Jamusanci, da sunan danginsa, ya ce ya ga takarda kuma ga gyaran da aka yi. In za a yi taron suna ko buɗa-baki, ya kafe sanarwa a matakala kwana 2 ko 3 kafin ranar, da lokacin da za a tashi. Sanarwar ba ta ɗauke dokar ƙarfe 10, amma tana sanyaya zuciya ƙwarai. Ya kuma shiga ƙungiyar 'yan haya, Mieterverein, ana biyan kuɗin shekara, su duba masa wasiƙar su taya shi amsa. Idan kuma abin ya kai ga zagi saboda launi ko addini, ya rubuta rana da shaidu, akwai ofishin yaƙi da wariya na tarayya.

Mai gabatarwa: Ni kuma zan ƙara da jan kunne. Malam, kada ka ce da bulala za ka kashe hayaniyar yara. Tun shekarar 2000 doka ta hana dukan yaro a Jamus, ko iyayensa ne. Maƙwabcin da ya ji sawu zai ji kuka, daga nan sai hukumar kula da yara, Jugendamt, ta ƙwanƙwasa ƙofa. Na maimaita: ba duka. A fita da su filin wasa da yamma su gaji, kusan kowace unguwa akwai.

Saura minti 2. Wata amarya a Kolon ta ce bangon ɗakinta ya yi baƙi-baƙi tun shigowar sanyi. Amarya, fumfuna ce, daga tururin girki da shanya a ɗaki. Ki buɗe tagogi gaba ɗaya minti 5 zuwa 10, sau 2 ko 3 a rana, sannan ki rufe, kada kuma ki kashe na'urar ɗumama ɗaki ɗungurungum don tsimi. Ki matsar da kabad daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, ki ɗauki hoto ki sanar da mai gida a rubuce. Turaren wuta kuma, na san ba za ki bari ba, amma a nisanta kasko da na'urar gano hayaƙi da ke silin.

Mai tambaya kan gorunan ruwa: kada ka yar, robar da gwangwanin masu alamar Pfand, wato kuɗin ajiya da ake mayar maka, kowanne senti 25 ne a injin kanti. Tambayar rabe-raben shara sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.