Waƙar aro da waƙar baki a fim ɗin Mean Girls

Assalamu alaikum. Malamaina da ɗalibai, barkanku da zuwa. Fim ɗaya zan riƙe yau, na 'yan makarantar sakandare a Amurka, mai suna Mean Girls, saboda an yi shi sau uku, kuma kowane karo waƙa ta sauya matsayi.

Na farko ya fito a 2004. Tina Fey ta rubuta, Mark Waters ya ba da umarni, Lindsay Lohan ta fito a matsayin Cady, yarinyar da ta taso a Afirka ta zo ta faɗa hannun wasu 'yan mata masu ji da kansu, shugabarsu Regina George. Waƙoƙin wannan fim yawancinsu na aro ne. An ɗauko abin da matasa ke ji a rediyo a lokacin, kamar Milkshake ta Kelis, aka shimfiɗa a ƙarƙashin labarin. Aikin irin wannan waƙa shi ne ta gaya maka shekarar da ake ciki da irin gidan da ka shiga. Abin da ke ran Regina kuwa, sai dai ka karanto shi a fuskar Rachel McAdams, wadda ta fito a matsayinta: tana yabon siket ɗinki da murmushi, kina juya baya ta kushe shi.

To ku lura da wuri ɗaya. A bikin Kirsimeti na makaranta, 'yan matan na rawa da Jingle Bell Rock sai na'urar ta tsaya. Cady ta ɗauki waƙar da bakinta, zauren ya amsa. Wurin yana da ƙarfi ne domin ba a saba jin kowa na rera waƙa a fim ɗin ba. Nan ne baƙuwa ta fara zama 'yar gari.

A 2018 labarin ya hau dandamalin Broadway, cibiyar wasan kwaikwayo a New York, a matsayin wasan waƙa. Jeff Richmond, mijin Tina Fey, ya yi kiɗa, Nell Benjamin ta rubuta baitoci. Daga nan aka mayar da shi fim a 2024, Reneé Rapp ta fito a Regina, rawar da ta riga ta taka a dandamali. Yanzu waƙa ta koma bakin 'yan wasa. Regina da kanta take rera ƙarfinta da ƙetarta. Muryar Rapp babba ce, wannan ba gardama, kuma waƙar World Burn tana girgiza mutum. Amma ni a ganina an biya kuɗi mai tsada: muguwar da ta bayyana maka zuciyarta a baiti ta rage ban tsoro. Wurin Kirsimetin ma, da aka sa sabuwar waƙa, ya zama ɗaya cikin da yawa.

Kada ku ɗauka kowane fim haka yake ƙarewa. Hairspray na John Waters, 1988, ya bi wannan hanya, Broadway a 2002, fim a 2007, kuma ya dace da ita ƙwarai, don dama labarinsa na shirin rawa ne a talabijin a Baltimore ta 1962, inda ake hana baƙaƙe rawa tare da farare. Kiɗa na cikin jinin labarin tun asali.

Abin da ya fi ɓata mini rai game da na 2024 shi ne tallarsa. Babbar tallar da kamfanin Paramount ya saki ta ɗora waƙar Olivia Rodrigo, ta ɓoye cewa 'yan wasan na rera nasu, har wasu suka shiga silima ba su sani ba. Mu da muka taso da finafinan Indiya da na Kano, jarumi ya ɓarke da waƙa a tsakiyar zance ba ya ba mu mamaki. Can kuwa an yanke waƙoƙin dandamali da dama, aka gajarta wasu, aikin Richmond da Benjamin ya iso silima a rage. Wanda ke da tambaya, ga makirufo nan.